Littafin awo: yadda na sake koyon cin abinci bayan ciwon suga ya same ni

Ramin allura ne ya fara nuna min akwai matsala. Shekara 27 ina ɗinki a Sakkwato ban taɓa kiran yaro ya zura min zare ba, sai ga ni bayan ƙaramar Sallah ina ɗaga allura sama, ina kanne ido ɗaya, ramin yana ta rawa a gabana. Na ce gajiyar ɗinkin Sallah ce. Ƙishirwar da ke damuna kuma na ɗora wa zafin gari, tunda duk wanda ya yi bazara a Sakkwato ya san zafi kan haura digiri 40, kowa ma randa yake runguma. Fitsarin dare sau biyar, sau shida, na ce ai ruwan da na sha ne. Abin da na kasa sama wa dalili shi ne wandona. Da hannuna na rage ƙugunsa har sau biyu cikin wata uku, alhali ci nake yi kamar ba gobe.

Uwargida ce ta tsare ni wata safiya, ta hana a kawo min koko. Ta ce, "Malam, yau ba ka karyawa sai ka dawo daga asibiti." Ta taɓa jinyar mahaifinta da wannan ciwo, ta san ana son a je awo ciki ba komai.

Awon farko ya nuna 13.8. Likita ya ce duk wanda bai ci komai ba tun dare, sugan jininsa ya kai 7.0 ko ya wuce, aka sake tabbatarwa, to yana da ciwon suga. Ya tura ni wani awon da suke kira HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga 6.5 ake cewa akwai ciwo. Nawa ya fito 10.2. Ya ce nau'i na biyu ne, irin wanda ya fi kama manya: jiki yana yin sinadarin insulin, amma bai wadatar ba, kuma wanda ake da shi ɗin ma jiki ba ya jin maganarsa yadda ya kamata, sai suga ya taru a jini maimakon ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Ya rubuta min metformin da wata ƙaramar ƙwaya mai suna glibenclamide, ya kuma ba ni takarda in kai sashen masu ba da shawara kan abinci. Magani na saya. Takardar kuwa na linke ta na sa a aljihun riga, ta yi wata guda a can.

Dalili kuwa, kafin in isa gida labari ya riga ni, kuma kowa ya zama likita. Wannan ya ce in rabu da shinkafa har abada in koma tuwon alkama. Wancan ya ce zuma ba suga ba ce, in sha yadda nake so. Wani ya kawo min ruwan shuwaka a gora, wani ya nuna min masu magani da ke yawo da lasifika a mota suna cewa kwana bakwai ciwon zai tafi. Duk masoya ne, babu wanda ya nufe ni da sharri. Na bi na alkama da na zuma. Malmala uku nake tashi da ita dare da rana, zuciyata fes, ina ganin magani nake ci. Da safe a zuba min zuma cokali uku a koko. Bayan sati uku na je wani kemis aka duba, ya nuna 11 da ɗoriya.

Tsoro ya kama ni, sai na faɗa ɗaya ɓangaren: na daina ci. Wata Talata na haɗiye ƙwayoyina da ruwa kawai na fita shago. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ina yankan shadda, hannuna ya fara karkarwa. Zufa mai sanyi ta keto min, zuciya na bugawa, almakashi ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Babban yarona na shago ya riƙe ni yana cewa, "Maigida, mi ya same ka?" Na ji shi, amma harshena ya yi nauyi. Allah ya sa mai kemis ɗin da ke maƙwabtaka da mu yana nan. Ya soki yatsana, na'ura ta nuna 3.2. Nan take ya buɗe lemon kwalba ya ce in sha rabi. Ni da aka ce suga ne abokin gabana, ga shi suga ake ɗura min. Bayan kwata ɗin awa ya sake dubawa, ya hau, ya sa aka sayo min abinci. Shi ya fara gaya min cewa duk lokacin da suga ya sauka ƙasa da 3.9 haɗari ne, kuma ƙaramar ƙwayar nan tura suga ƙasa take yi ko mutum ya ci ko bai ci ba.

Washegari na lalubo takardar nan.

Ma'aikaciyar da na samu ba ta fara da hani ba. Cewa ta yi in faɗa mata abin da ke shiga bakina daga asuba har in kwanta, kada in ɓoye komai. Na fara lissafi: koko da suga da ƙosai bayan sallar asuba, shayi mai madara da burodi in na isa shago, fura da nono da suga da rana, lemon kwalba mai sanyi da la'asar, wani lokaci biyu, tuwon shinkafa da dare, in akwai aikin dare kuma, shayi kofi bayan kofi. Tana rubutawa tana jinjina kai. Ta ce kwalbar lemo guda ta 35cl tana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali tara. Ta ce zuma ma suga ce a wurin jini. Da na kawo maganar alkama, sai ta ce gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, acca, rogo, doya, dankali, duk danginsu ɗaya: ciki yana narkar da su su koma suga. Bambancin kawai, wani yana saurin shiga jini, wani yana tafiya sannu, musamman in ba a raba shi da dusarsa ba. Amma malmala uku ta kowane iri, malmala uku ce.

Daga nan ta jawo faranti daga aljihun tebur, irin madaidaicin nan, ta sa yatsa ta raba shi biyu. Rabi guda na ganye da kayan lambu. Ɗaya rabin ta sake raba shi: kashi ɗaya na nama, kifi, ƙwai ko wake, kashi ɗaya na tuwo ko shinkafa. Ta ce in dunƙule hannuna. Ta nuna shi ta ce, "Baba, tuwonka ke nan." Na kalli hannuna, na tuna malmalata uku, gwiwata ta yi sanyi. Ta lura. Ta tambaye ni sana'ata, na ce tela ne. Ta ce, "To ai kai ka fi kowa sanin ba a yanka yadi sai an yi awo."

Wannan magana ta zauna min. Na sayi na'urar awon suga, na ɗauko sabon littafi irin wanda nake rubuta awon mutane a ciki, na ja layi huɗu: rana, abin da na ci, yawansa, da abin da na'ura ta nuna awa biyu bayan fara ci. An ce min kafin cin abinci a nemi tsakanin 4.4 da 7.2, awa biyu bayan ci kuma kada ya kai 10. Wasu na'urorin da ɗaruruwa suke nunawa, in an raba da 18 sai a samu irin lissafin asibiti. Tsinken awon yana da tsada, ba zan ɓoye ba, don haka ban iya awo bayan kowane ci ba. Sai na riƙa juyawa: yau karin safe, gobe na rana, jibi na dare.

Littafin nan ya koya min abin da baki bai iya koya min ba. Koko, ko ba suga, in na sha kofi babba shi kaɗai, sai in ga 13 ko 14. An tace shi an cire dusa, ga shi ruwa-ruwa, ba abin da zai tsayar da shi a ciki. Da na koma ƙaramin kofi, na haɗa da ƙwai biyu ko alala, sai ya dawo wajen 9. Tuwon alkamar da na ɗauka magani ne, da na auna shi daidai da tuwon dawa, ban ga wani bambancin a zo a gani ba, sai tsada. Shinkafa fara tsurarta tana tashi da ni sama sosai, amma in aka yi ta da wake, waken ya fi yawa, aka zuba kabeji da tumatir da albasa a kai, sai ta zo da sauƙi. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne dafaffen wake da zogale da ɗan ƙuli-ƙuli: ga ƙoshi har la'asar, na'ura kuma ba ta wuce 8. Na kuma gano cewa daren da na taka da ƙafa zuwa masallaci mai ɗan nisa bayan tuwo, na dawo ta doguwar hanya, lissafin yakan ragu a fili. Wannan awon jikina ne. Wani abokina da muke layi ɗaya a asibiti nasa ya ɗan bambanta da nawa, shi ya sa nake ganin kowa ya riƙe littafinsa.

Fura ce ta fi yi min wuya. Basakkwace a ce masa ya bar fura, an taɓa shi a inda yake da ciwo. Akwai Bafulatanar da ta shekara goma tana ajiye ƙwaryarta a ƙofar shagona kullum bayan azahar. Ranar da na ce ta dama min rabin curi, ta cika nono, kada ta sa suga, ta dube ni ta ce, "Malam tela, ko kasuwa ce ba ta tafiya?" Na ce lafiya ce. Ba ta ƙara tambaya ba. Tun daga ranar da kanta take gutsure rabin curi ta mayar da sauran, ta zaɓo min nono mai kauri. Sati biyun farko na ji ta salam. Yanzu ina jin yajin citta da kanumfari a cikinta, abin da da suga ke rufewa. Da curi biyu da suga nakan ga 13, da rabin curi kuwa 8 da wani abu. Ba kullum nake sha ba, kuma ranar da na sha, ita ce abincin ranata, ba ƙari a kan abinci ba.

A gida mun yi shawara tun farko cewa ba za a ɗora tukunya biyu ba. Aljihu ba zai ɗauka ba, kuma wanda ake dafa wa nasa daban kullum sai ya riƙa jin kansa majinyaci. Abin da uwargida ta yi shi ne ta sauya nauyin tukunyar. Miya ta yi yawa, ganye ya yi yawa a miya, mai ya ragu. Kuka, kuɓewa, yakuwa, alayyafo, rama, duk abin da muka saba ne, sai dai da a gefen tuwo suke, yanzu tuwo ne a gefensu. Ta rage gishiri da dunƙule, ta ƙara daddawa, saboda an gaya mana ciwon suga da hawan jini tafiyarsu ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙule. Ranar Juma'a da safe nakan biya Kasuwar Daji in haɗo kabeji, latas, kokwamba, yalo da tumatir. Da rani kayan fadama sun yi araha, ba matsala. In damina ta kama suka yi tsada, sai mu koma kan zogale da tafasa da rama, ta kuma shanya wasu a inuwa ta adana. Soyayyen abu ya koma sau ɗaya a sati. Kankana, gwaiba da lemon ɓawo ina ci, yanka ɗaya ko ƙwaya ɗaya, in tauna da haƙorina, ba a matse min ruwan ba.

Inda na sha kunya shi ne ciyayya. A layinmu mu shida ne muke fito da kwanukanmu ƙofar gida bayan magariba, a jera, a sa hannu tare. A kwano ɗaya da mutum biyar, ta ina za ka san ka ci dunƙulen hannu ko ka ci uku? Na janye na kusan wata biyu, ina ci a ɗaki ni kaɗai, abincin ba ya min daɗi. Wani dattijo cikinmu ya tare ni bayan sallar isha'i ya ce, "Mun yi maka laifi ne?" Sai na faɗa masa gaskiya. Ya ce in fito da farantina gobe. Haka aka yi. Ina ɗibar nawa in zuba a faranti a gabansu, in zauna a tabarma ɗaya da su. Kwana biyu aka yi ana kallo, daga nan ya zama ba komai. Yanzu kwanon zogalen gidana ne ke fara ƙarewa.

Inna kuwa, mahaifiyata, har yau ba ta gama yarda ba. A wurinta ƙiba ce lafiya, rama kuma alamar ana cikin wahala. Duk Lahadin da na je gaishe ta, sai ta kama damtsena ta matsa, ta ce, "Wagga cuta ta cinye min kai, su kuma sun hana ka abinci." Sai ta turo min masa cike da kwano da hannunta mai rawa. Ba na iya ce wa Inna a'a. Na daɗe ina neman mafita, wani lokaci in cinye don ta ji daɗi, in dawo gida na'ura ta nuna 15, in kwana da baƙin ciki. Abin da ya raba mu shi ne hadisin da ita ma ta sani, wanda Manzon Allah (SAW) ya ce in ba makawa, a raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Na ce, "Inna, abin da likita ya ce ke nan, bai zo da sabo ba." Ta yi shiru. Yanzu masa biyu take sa min, ta cika miyar taushe da kabewa da ganye, ta zauna tana kallona har in gama. Wani lokacin ina ganin ta faki idona ta ƙara ta uku. In na gani, nakan ci rabi, in taka da ƙafa zuwa gida.

Biki da suna da walima ba su da wani dogon bayani. Nakan ci abincina a gida kafin in fita don kada yunwa ta yanke min hukunci, in an miƙo lemo in ce ruwa nake so.

Azumi ne babban gwaji. Wata ɗaya da rabi kafin Ramadan na koma wurin likita, kamar yadda ya gargaɗe ni. Ya duba littafina shafi-shafi. Ya cire glibenclamide, ya ce tana da haɗarin faɗar da suga ga mai azumi, ya sauya min da wata, ya kuma tsara min lokutan shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur. Ya ce akwai masu ciwon da bai kamata su yi azumi ba sam, ni dai ya yarda bisa sharaɗi: in riƙa awo da rana, in ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.7, ko na ji jiri da karkarwa, in karya nan take. Na tambayi malaminmu, ya ce sokin yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki.

Da, in an kira salla, kunun tsamiya da ƙosai da dankali da lemo nake haɗawa lokaci guda har in kasa ruku'u. Wannan karon dabino ɗaya ko biyu da ruwa, in yi salla, in dawo in ci farantina a natse. Sahur kuma na jinkirta shi zuwa gab da alfijir, wake ko ɗan tuwon dawa da miya mai yawa, ruwa kuma ina sha a hankali tun daga magariba har asuba. Goman ƙarshe ta tela ba barci, ɗinkin Sallah ya taru, yara na ta dafa shayi a shago. Nawa ba suga, kuma ƙarfe ɗaya nake rufe keke ko da kaya sun rage. Na rage karɓar ɗinki a shekarar, na yi asarar wasu kuɗi, ban yi da-na-sani ba.

Rana ta 19, wajen ƙarfe huɗu da rabi, na ji karkarwar nan da na sani. Na auna, 3.6. Saura ƙasa da awa uku a sha ruwa. Na zauna da na'urar a hannu, hawaye ya zo min, domin tun ina ɗan shekara 12 ban taɓa shan azumi ba. Yarona ya miƙo min ruwa da ya jiƙa suga cokali uku a ciki, ya ce, "Maigida, don Allah." Na yi bisimilla na sha. Bayan Sallah na rama ta.

Awon HbA1c na baya-bayan nan ya nuna 6.9, likita ya ce ƙasa da 7 ake nema ga irina. Ciwon bai tafi ba, magani ma ban daina ba, kuma akwai ranakun da lissafi ke ɓaci, in rubuta su a littafi yadda suke. Hazon ido ya washe bayan suga ya daidaita, ina zura zarena da kaina, amma duk shekara ina zuwa a duba min bayan ido da ƙoda, kullum da dare kuma ina duba tafin ƙafata kafin in kwanta. A aljihun keke akwai ƙullin suga da ba ya rabuwa da wurin, duk yaran shago sun san inda yake.

Makon jiya wani da na shekara 15 ina yi wa ɗinki ya kawo yadi. Na zagaya ƙugunsa da tef, na duba tsohon awonsa a littafi, inci huɗu sun tafi. Kafin in gama awo ya nemi ruwa sau biyu. Na tambaye shi ko yana yawan tashi fitsari da dare, ya dube ni da mamaki, ya ce ta ina na sani. Na ajiye tef ɗin na ce, "Alhaji, gobe da safe kada ka karya. Zan biyo maka ƙarfe bakwai mu je tare."